Gyaran kulocin motar tsere a garejinmu na Birnin Kebbi

Yawancin aikin da ke ciyar da ni da yarana biyar a gareji na motocin haya ne da ke zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi, Jega da Argungu, sai kuma 'yan Hilux na ma'aikata. Motar tsere ba ta zuwa mana sai jefi-jefi, galibi cikin waɗanda aka shigo da su daga Kwatano, kuma kusan duk mai irin wannan mota ƙorafinsa ɗaya ne, wato giya ba ta shiga da daɗi. Zan ba da labarin wata BMW 330Ci mai ƙofa biyu, ƙirar da ake kira E46, mai injin lita 3 da silinda shida, domin aikinta ya tattara kusan duk abin da na sani a wannan fanni.

Mai motar matashi ne ɗan kasuwa, kuma ya iso da shawararsa a hannu. Ya ce mini, "Malam, so nake ka sa mini kulocin tsere, irin mai ƙarfin nan." Na ce masa, "Alhaji, bari mu fara zagayawa da ita tukuna." Muna ɗaukar hanyar Argungu na ji abin da yake nufi: daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu motar tana zabura kamar doki ya ji linzami, kuma wurin da kuloci ke kamawa yana sauyawa, yanzu yana ƙasa, an jima ya hau sama.

Kulocin tsere ba maganin wannan ba ne, sai ma ya ƙara ta'azzara shi. Farantinsa, wato faifan da ke haɗa inji da giya, da ake yi da yumɓun masana'anta, wanda fuskarsa ke rarrabe kamar fukafukai huɗu ko shida, an ƙera shi ne don ya jure zafi kuma ya cafke nan take, ba don ya zame a hankali ba. Wanda ya sa shi a motar da ke shiga cunkoson babbar kasuwa kullum zai sha kakkarwa a duk tashi, ƙafarsa ta hagu ta gaji saboda taurin feda, kuma fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi na bayan inji da farantin ke kamawa, ya ci da wuri. Idan ba a ƙara wa inji ƙarfi ba, faranti mai laushin fuska irin na kamfani ya wadatar.

Ainihin matsalar tana cikin hanyar man kuloci. A wannan mota feda ba waya take ja ba, man birki take turawa daga masta, wato silindar sama da ke bayan feda, zuwa ƙaramar silinda da ke jikin akwatin giya, ita kuma ta tura cokalin da ke sakin faranti. A kan wannan hanya kamfanin ya sanya wani ɗan ƙarfe mai tsayin da bai kai yatsa ba, mai matsattsen rami a ciki, wanda aikinsa shi ne rage saurin komawar mai idan direba ya ɗaga ƙafa. Manufar ita ce a kare giya da sauran sassan da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya daga direban da ke sakin kuloci da garaje. Sai dai illarsa ga ƙwararren direba ita ce, ƙafarsa ta riga ta gama aiki amma faranti bai gama kamawa ba, shi kuma ya riga ya taka totur, sai motar ta zame sannan ta fizga. Na kwance wannan ɗan ƙarfe na ɗaga shi sama, na ce wa yarana su leƙa. Da ƙyar haske ke ratsa ramin.

Kafin in cire shi sai da na faɗa wa mai motar gaskiya, cewa daga ranar babu abin da ke tsakanin ƙafarsa da haƙoran giya, kuma idan ya mayar da sakin kuloci da ƙarfi wasa, ba da daɗewa ba zai dawo da aikin da ya fi wannan tsada. Ya amince. Muka kuma sauya tiyon roba da wanda aka naɗe da saƙar ƙarfe, domin tsohuwar roba a zafin watan Afrilu na Kebbi tana kumbura idan mai ya matse ta, wani ɓangare na ƙarfin ƙafa ya tafi a banza.

Man da muka zubar ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana. Man birki irin DOT 4 yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake so a sauya shi duk shekara biyu, amma a nan mutane ƙari kawai suke yi har mota ta tsufa. A wurin fitar da iska daga hanyar man kuloci ne na taɓa yin kuskuren da ya ci mini yini guda a wata mota irin wannan. Kuloci da birki suna shan mai daga kwalba ɗaya, amma bakin da ke ba kuloci yana sama da na birki, saboda haka da mai ya ɗan yi ƙasa sai kuloci ya zuƙi iska alhali kwalbar ba ta ƙare ba. Tun daga lokacin nake ajiye yaro ɗaya ba shi da wani aiki sai kallon kwalba da ƙara mai.

Da muka sauke akwatin giya don duba kuloci, farantin ya cinye har ya kusa kai wa ƙusoshinsa, don haka muka yi odar cikakken saiti daga Ladipo a Legas, har da boris ɗin sakin kuloci da ƙaramin boris na tsakiyar kuranki, domin ba na son in sake sauke giya saboda abin da bai taka kara ya karya ba. Fulawil ɗin motar mai ɓari biyu ne da sifirin a tsakani, irin wanda aka fara sa wa motoci tun tsakiyar shekarun 1980 don ya shanye girgizar inji. Wasu na maye gurbinsa da mai ɓari ɗaya mara nauyi, kuma gaskiya ne inji yana saurin tashi da sauka, amma akwatin giya kan riƙa ƙararrawa idan mota na tsaye, tashi daga tsaye kuma ya ƙara wuya. Na gwada wasan da ke tsakanin ɓarin biyu da hannu, na ga bai wuce kima ba, sai muka bar shi. Ragowar aikin ƙanana ne: sababbin bushin na sandar giya da sabon man giya.

Na gargaɗe shi da ya bi motar a hankali cikin gari na kusan kilomita 800 kafin ya matsa mata, domin fuskar sabon faranti ta zauna daidai. Bayan mako uku ya dawo daga Sakkwato ya tsaya a bakin gareji, bai ma kashe inji ba, ya ce giya ta biyu yanzu da yatsu biyu yake sa ta, sannan ya tambaye ni ko zan duba masa wata ƙara da yake ji a tayar baya ta dama.