Gawon da ke gonarka na wa ne?

Duk shekara da damina ta kunno kai, magana ɗaya ke bakin manoma a wajenmu: nawa buhun taki, kuma ko gwamnati za ta raba. Na daɗe cikin wannan magana, domin aikin malamin gona na yi a ƙauyukan arewacin Katsina kafin in koma noman kaina. Amma abin da idona ya gani a ɓangarori biyu na iyakar Najeriya da Nijar ya tabbatar mini cewa dokar da ke faɗin wa ke da itacen da ya tsiro a gona, da wa zai nome gonar baɗi, ta fi kowace dokar taki tasiri a kan lafiyar ƙasa.

Dangin mahaifiyata mutanen ƙasar Tasawa ne, a jihar Maraɗi, kuma daga bakinsu na fara jin labarin. A 1935 Faransa ta kafa dokar daji a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. Da Nijar ta sami 'yancin kai sai ta gaji tsarin, ta ƙara ɗaure shi da dokar 1974. Gawo da wasu itatuwa suka shiga jerin waɗanda ba a taɓawa sai da takardar izini, ko da a tsakiyar gonarka suke. Niyyar ta alheri ce, a kare daji. Sai dai manomi ya yi lissafinsa: itacen da ya bari ya girma ya zama na gwamnati, in ya sare reshe ɗaya ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara. Gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Ga kuma malaman gona na lokacin suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share fes, garmar shanu ta wuce ba cikas, a noma gyaɗa. Kawuna ya ce mini, "Ɗana, a zamanin nan in ka bar tsiro a gona, rigima ka ajiye wa kanka."

Ƙasarsu jigawa ce, irin tamu. Da itatuwa suka ƙare, iskar farkon damina ta sami hanya. Gero ya tsiro, yashi ya taso ya yanke shi ko ya binne shi, mutum ya sake shuka, wani lokaci ya kuma sakewa, ga iri na ƙarewa ga damina na tafiya. Inda iska ta kwashe ƙasar sama sai fako ya bayyana, ruwa ya sauka ya gangare bai shiga ba. Ƙuduji ya mamaye gonakin da suka gaji. Farin 1973 da na 1984 sun tarar da ƙasa tsirara.

A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin gona a Maraɗi, ya lura da abin da kowa ke takawa yana wucewa. 'Yan tsiron nan da ake sassabewa kowace bazara, na sabara da kalgo da gawo, daga tsofaffin kututture suke fitowa, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi masu ƙarfi kaɗan a kowane gindi, a rage sauran, a yi musu aski suna tashi. Manoma suka sa wa aikin suna sassabin zamani. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, kuma da abincin ya ƙare mutane da yawa suka sare abin da suka raina, domin tsoron doka na nan a zukatansu. Abin bai kama ba sai da jami'an daji na yankin suka yarda su ɗaga ƙafa, wanda ya raini itace ya ci moriyarsa. Daga baya doka ta biyo sawun manoma: tsarin dokokin karkara na 1993, sabuwar dokar daji ta 2004, sannan dokar 2020 da ta fito fili a kan haƙƙin mai rainon itace a gonarsa. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram, ba tare da an dasa su ba.

Wanda bai taɓa noma a gindin gawo ba zai ɗauka ana zuzuta shi ne. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake yin kore, saboda haka ba ya tare wa gero rana a lokacin da gero ke buƙatarta. Ganyen da ya zuba yana ruɓewa daidai lokacin shuka. A saiwoyinsa akwai ƙananan halittu masu jawo sinadarin da muke saye a buhun yuriya daga cikin iska, kamar yadda wake da gyaɗa ke yi. Da rani dabbobi na taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi da fitsari a wurin. Gara ta bi busasshen ganye ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Ka tono ƙasar gindinsa da hannu za ka ga ta fi duhu, ta fi laushi, tana riƙe danshi bayan ta fili ta bushe. Sabara da kalgo ma suna tare yashin da iska ta ɗebo. Babu gwamnatin da ta sayo ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da gwamnatin Nijar ta yi kawai shi ne ta daina cin mutane tara.

A namu ɓangaren, ƙarfin gwamnati kusan duk a kan buhu ya tafi. A 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin kai amfani da taki kilo 50 a kowace hekta. A 2012 aka fara rabon taki mai rangwame ta saƙon waya. A ƙarshen 2016 aka ƙulla yarjejeniyar taki da Maroko, takin kamfa ya dawo naira 5,500 buhu na ɗan lokaci. A 2019 aka sa hannu a dokar ingancin taki, wadda nake maraba da ita, domin na ga buhun da aka cakuɗa da yashi, na ga manomin da ya ci bashi ya saye shi. Ni ba maƙiyin takin zamani ba ne, ina zuba shi a masarata. Amma shuka yake ciyarwa, ba ya gina ƙasa. A jigawar da babu ruɓaɓɓen ganye ko takin gida, ruwa mai ƙarfi na wanke yuriya ya wuce da ita inda saiwa ba ta kai, kuma yawan zuba ta ita kaɗai shekara da shekaru na sa ƙasa tsami. Shi ya sa za ka ji manomi na cewa gonar da buhu ɗaya ke isarta a da yanzu sai biyu. Taron shugabannin Afirka da aka yi a Nairobi a 2024 ya sa lafiyar ƙasa a cikin sunansa tare da taki, alamar shugabanni sun fara gane haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dokar mallakar ƙasa ta 1978. Ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, manomi yana da izinin zama da noma. In aka karɓe gona don aikin jama'a, diyya tana kan gini da rijiya da shinge da itatuwan da aka dasa da amfanin da ke tsaye. Abin da noma na yau da kullum ya haifar a jikin ƙasa, dokar ta cire shi daga lissafi. Mutumin da ya shekara ashirin yana jidar takin gida a amalanke, da maƙwabcinsa da ya tatse tasa har ta mutu, ɗaya suke a idon doka. Haka abin yake ga mai haya ko aro ko jingina. Takin gida na aiki shekara biyu zuwa uku, to wa zai zuba shi a gonar da za a iya karɓewa baɗi? Na san masu haya da ke tsoron gyara gona, domin da ta yi kyau mai ita zai ƙara kuɗi ko ya ce zai nome kayansa.

Har manufar da ba a yi ta don gona ba tana isowa gona. Tun 2023 da aka cire tallafin mai kuma naira ta faɗi, gas da kananzir suka gagari gidaje da yawa, aka koma itace da gawayi. Karan dawa da gero da ya kamata wani kaso ya kwanta ya rufe ƙasa da rani, yanzu ana kwashe shi kaf zuwa murhu da kasuwa.

Dokokin daji a Najeriya na jihohi ne, don haka majalisar jiharmu na da ikon rubuta a fili cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne, ya yi masa aski, ya sayar da reshensa, ba sai da izinin kowa ba. Ina so kuma a ƙarfafa rubuta yarjejeniyar hayar gona ta shekaru da dama a gaban mai unguwa ko dagaci. Na san abin da manoma za su ce, domin sun sha faɗa mini: in na raina, masu sara da dare za su kwashe, ko makiyayi ya sassare wa dabbobinsa. Gaskiyarsu ne. A Dan Saga, cikin ƙasar Agye ta jihar Maraɗi, kwamitin gari suka kafa, suka sa mata da Fulani a ciki, suka amince da tarar da za a ci wanda aka kama, hukuma kuma ta tsaya musu. Irin wannan kwamiti ana iya kafa shi a kowace gunduma tamu kafin bazarar da ke tafe, muddin ƙaramar hukuma za ta amince da hukuncinsa a rubuce.