Sauya fikof ba tare da an tumɓuke allon jita ba

Duk wanda ya kwance murfin bayan jitar lantarki ta Les Paul da kamfanin Gibson ya ƙera daga wajajen 2008 zuwa gaba, mai yiwuwa ne abin da zai tarar ya ba shi mamaki. Maimakon fot huɗu (abubuwan da ake murɗawa don daidaita murya da kaifin sauti) da wayoyi a tsakaninsu kamar yadda aka saba, sai ya ga allon lantarki guda, irin fanel ɗin cikin rediyo, fot ɗin duk a manne a jikinsa, kowane fikof (na'urar maganaɗisu da ke ɗaukar sautin tsirkiya) kuma da ɗan filoginsa da ake sokawa. Tawa jitar haka take. Da na yi niyyar sauya fikof na gindi, wato na kusa da inda tsirkiyoyi ke kamawa a jikin jita, shawarar da kowa ya fara ba ni ita ce in cire allon in yar, wai shi ke cinye sauti.

Ban yarda ba, kuma har yau ban yarda ba. Layin tagulla a jikin allo da wayar tagulla a cikin roba aiki ɗaya suke yi, ballantana a tazarar da ba ta kai tsawon yatsa ba. Abin da ke canza sautin shi ne ƙimar fot da ta kafasita (ɗan abin da ke tace kaifin sauti), da kuma inda aka haɗa su. Fot mai 500k (wato ohm dubu 500, ma'aunin turjiyar lantarki) yana barin kaifin sauti ya fito fiye da mai 300k ko 250k, shi ya sa aka fi sa wa hambaka, wato fikof mai naɗin waya biyu, 500k. Mutum ya cire allo mai fot 300k ya sa wayoyi da fot 500k, ya ji jita ta buɗe murya, sai ya ɗora wa allo laifi, alhali fot ɗin ne ya sauya.

Matsalar allon ta gaskiya daban ce: sabon fikof da ka saya wayoyinsa tsirara suke, allon kuwa filogi yake jira. A tawa filogin ƙafa biyar gare shi, huɗu na bakunan naɗin waya biyu da ke cikin hambaka, ta biyar ta at, wato layin ƙasa na lantarki. Ba kowace shekara aka yi amfani da iri ɗaya ba, don haka ƙirga ƙafafun naka kafin ka sayi komai.

Hanyoyi uku na gani. Akwai masu liƙa wayar kai tsaye a jikin allo da dalma. Wannan ba na so: wuraren liƙin ƙanana ne, kuma in ƙarfen ya daɗe a kai sai tagullar ta ɓare daga allon, daga nan kuma gyara ya zama aikin mai haƙuri sosai. Akwai masu yanke filogin tsohon fikof su liƙa wa sabon. Yana aiki, sai dai ka gurgunta tsohon, ranar sayar da shi ko mayar da shi ka ji haushi. Ni guntun waya na saya mai filogi iri ɗaya a baki, ɗaya bakin a sake. Duk liƙin da na yi a kan tebur na yi shi, waya da waya, ƙarfe mai zafi bai ko kusanci jitar ba.

Inda ake faɗuwa shi ne launin waya, domin kowane kamfani da nasa tsarin. A wurin Gibson ja ce ke ɗauke da sauti, fara da koriya su ne mahaɗar naɗin biyu, baƙa ta tafi at. A wurin kamfanin fikof na Seymour Duncan baƙa ce mai sauti, ja da fara su ne mahaɗa, koriya ta tafi at. DiMarzio kuwa ja ce mai sauti, baƙa da fara mahaɗa, koriya at. Wanda ya haɗa ja da ja, baƙa da baƙa don launi ya yi daidai, ya sa kansa cikin ruɗani. Aikin wayar ake bi. Nawa na Duncan ne, saboda haka baƙarsa ta tafi wajen jar filogi, koriyarsa wajen baƙa, fararsa wajen fara, jarsa wajen koriya, tsirarar kuma wajen tsirara. Na rubuta wannan a takarda na manna a gabana, don ido yana son yaudarar hannu a nan. Kowace mahaɗa na sa mata robar da ke tsukewa da zafi, tunda ramin ƙarami ne kuma waya tsirara in ta taɓa allo sai shiru.

Kafin in zare tsohon fikof na ɗaura zare a wayarsa, ya bi ta cikin ramin katako, da shi na jawo sabuwar. Filogin kuma a jikinsa ake kama shi a ciro a hankali, ba a jan waya.

Gwaji na farko da mitar auna lantarki ne. Soka kebul a jita, buɗe murya har ƙarshe, auna bakin kebul ɗin. Hambaka irin ta da, wadda Seth Lover ya ƙirƙira kuma ta hau Les Paul a 1957, tana ba da tsakanin 7k da 9k, masu ƙarfin sauti irin JB ta Seymour Duncan kuma wajen 16k. Lambar za ta ɗan gaza ta jikin kwali, domin fot yana cikin lissafin: fikof mai 8k da fot 500k zai nuna kusan 7.9k. In ka ga rabin abin da kake tsammani, naɗi ɗaya ne ke aiki. Sai ka kunna amfilifaya ƙasa-ƙasa ka ƙwanƙwasa kawunan maganaɗisun da sukudireba, kowane layi ya amsa.

Gwaji na biyu kunne ke yinsa, bayan an ɗaura tsirkiya. Sa makunnin zaɓen fikof a tsakiya, fikof biyun su yi aiki tare. In sautin ya sirance kamar mai magana da toshewar hanci, to biyun suna adawa da juna. Musanya wayar sauti da ta at a ɗayansu, amma tsirarar ta zauna inda take, in ba haka ba ƙugi zai dame ka. In allonka na da fot da ake ja sama don kashe naɗi ɗaya, sake gwada shi bayan musanyar, domin naɗin da ke rage yana iya sauyawa. Tsayin fikof kuwa, ina danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe in bar kusan milimita 2, daga nan kunne ya ƙarasa.

Akwai lokacin da ni ma zan cire allon. In fot ɗaya ya fara ƙarar yashi kuma feshin tsaftacewa bai yi magani ba, ciro shi daga allo ya fi wahala nesa da sauya wanda ke kan waya. Haka in ina son haɗin shekarun 1950, wanda kafasita ke kama ƙafar tsakiya ta fot ɗin murya don kaifi ya rage ɓacewa idan an rage murya, allon ba zai bari ba sai an yanka layinsa. Ranar da hakan ta taso zan kwance goro huɗun, in zare filogi, in ɗaga allon ɗungurungum in ajiye shi a kwali tare da tsohon fikof. A yanzu fot ɗina huɗu lafiyarsu ƙalau, duk 500k ne, ba ni da dalilin taɓa su.