Hantar Idin Ƙetarewa da Abin da Na Koya a Kicin ɗin Kosha

A ƙarshen watan jiya na ajiye aiki a wani kamfanin dafa abincin biki da ke arewacin Landan, inda na daɗe ina riƙe da teburin kayan share fage, wato ƙananan abincin da ake fara jerawa kafin a kawo miya da nama. Masu ba mu aiki yawancinsu Yahudawan Golders Green da Hendon ne, sai kaɗan daga Stamford Hill. 'Yan'uwanmu da suka taɓa aiki a irin waɗannan wurare sun san tsarin kosha, wato dokokin abincin Yahudawa, waɗanda suka hana haɗa nama da madara: jar alama ta kayan nama ce, shuɗiya ta madara, koriya ta abin da ba nama ba kuma ba madara ba, sannan ga mashgiya, mai sa ido da hukumar malamansu ke turowa, wanda shi ke kunna murhu da safe. Ba zan tsaya a kan waɗannan ba.

Babu lokacin da kicin ke ɗaukar zafi kamar makon Idin Ƙetarewa. Kwana 8 ake yi a wajen Isra'ila, da liyafar Seda, wato cin abincin dare na ibada da iyali ke haɗuwa a kai, a daren farko da na biyu, kuma duk wani abu na alkama ko sha'ir da danginsu da ya kumbura ba ya shiga gida, balle baki. Yahudawan Ashkenazi, waɗanda asalinsu tsakiya da gabashin Turai ne, sun ƙara da barin shinkafa da wake da masara da riɗi. Saboda haka teburina yakan tsuke zuwa abubuwa ƙalilan: dunƙulen niƙaƙƙen kifi da suke kira gefilte, dafaffen ƙwai da soyayyar albasa, haɗin tuffa da kirfa da suke kira haroset, sai kuma yankakkiyar hantar kaza, wadda babu gidan da ke yin oda ba tare da ita ba.

Hanta tana da hukunci nata daban. Sauran nama ana jiƙa shi rabin awa, a barbaɗe shi da gishiri ya yi awa guda, a ɗauraye sau 3, jinin ya fita. Ita hanta jininta ya fi ƙarfin gishiri, don haka dole a ɗan barbaɗa mata gishiri a gasa ta a kan buɗaɗɗiyar wuta, bisa raga, yadda mai balangu ke yi, jinin yana ɗiga ƙasa, sannan a wanke ta kafin ta shiga kasko da kitsen kaza da albasa. Idan aka soya ta ɗanya, ita ta haramta, kaskon ma ya fita daga aiki.

Wata shekara, ana jibi idi, mahauci ya aiko mana da ɗanyar hanta maimakon gasasshiyar da muka saba karɓa. Mashgiya yana can sama yana duba ganyen latas ɗaya bayan ɗaya a kan fitila saboda ƙwari, aikin da ke cin sa'o'i. Shugaban kicin, wanda shi ma ba Bayahude ba ne, ya dubi agogo ya ce in zuba ta a kasko kai tsaye, wai da zarar an niƙa ta da ƙwai babu mai ganewa. Na ce masa, "Shef, wannan hantar ba ta ga wuta ba, a jira mashgiya ya sauko." Bai yi mini musu ba. Ya tura ni ɗakin sanyi in ƙirga farantan kifi, na tafi ina zaton magana ta ƙare, ashe ina juya baya ya kira wani sabon yaro da ke zaman gwaji ya sa shi ya soya.

Mashgiya bai buƙaci kowa ya kai masa tsegumi ba. Ragar da aka keɓe don gasa hanta tana rataye a wurinta, tsaf da ita kuma da sanyinta, ga hanta kuma an gama niƙawa, babu ɗigon ƙuna ko ɗaya a jikinta. Nan take aka zubar da ita duka, aka ware kasake da cokula da injin niƙa, aka shiga buga wa iyalai waya ana ba su haƙuri a ranar da kowa ya riga ya gayyaci baƙinsa. Da aka kira mu ofishin mai kamfani, shugaban kicin ya faɗi magana ɗaya tak, cewa teburin share fage nawa ne. Gaskiya ne nawa ne, sunana ke kan allo. Yaron ya sunkuyar da kai, ban kuma ga laifinsa ba, domin wanda ke zaman gwaji ba ya ƙaryata mai sa masa hannu. Aka ba ni takardar gargaɗi, muƙamin mataimaki da aka yi mini alkawari bayan idi kuma ya koma hannun wani.

Ba rasa muƙamin ne ya fi ci mini rai ba. Ni Musulmi ne, tun ina yaro na san jini haramun ne, na kuma san yadda zuciya ke tashi idan mutum ya gano an ciyar da shi abin da addininsa ya hana ba da saninsa ba. Iyalan nan ba daɗin hanta kaɗai suke biya ba, domin ana samun mai daɗi a ko'ina. Amana suke saya, su zauna da 'ya'yansu a daren Seda ba tare da shakkar abin da ke cikin faranti ba. A ce ni na ci wannan amanar, alhali ni kaɗai na buɗe baki na hana, shi ne abin da har yau ban haɗiye ba. Dattijon da ya samo mini aikin, mutumin Zangon Kumasi, da na kai masa kuka sai ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, amma daga yau duk umarnin da ya saɓa ƙa'ida ka ce a rubuta maka." Na bi wannan shawara har ranar da na tafi, kuma abin mamaki, tun daga lokacin ba a sake ba ni irin wannan umarni ba. Mashgiya ba ya shiga rigimar ma'aikata, bai ce komai a ofis ba, amma daga wannan shekara duk ranar da ɗanyar hanta ta shigo, ni yake kira in tsaya a kan raga.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Ƙwai ana fasa shi ɗaya-ɗaya a kofin gilashi, domin ɗigon jini a guda ɗaya yana iya ɓata kwano guda. Kifi da nama ba sa haɗuwa a faranti ɗaya, don haka gefilte da hanta kowa da mazauninsa da cokalinsa. Ruwan inabin da ake zubawa a haroset, idan ba dafaffe ba ne, wanda ba Bayahude ba bai taɓa shi bayan an buɗe, ƙa'idar da ni ta yi mini daidai. Kafin a karɓi oda a tambayi asalin iyali: mutanen Foland suna son gefilte da zaƙi, na Lituwaniya da masoro, Yahudawan Ingila da yawa kuma soyayye suke so. A Rosh Hashana, sabuwar shekararsu, Ashkenazi ba ya rasa tuffa da zuma, amma gidan Sefardi, Yahudawan da asalinsu Sifen da Fotugal ne, zai nemi dabino da rumman da kabewa da farin wake irin namu na gida, kowanne da addu'arsa, kuma wanda ya manta ɗaya zai sha waya.

Da na nemi takardar shaidar aiki don sabon wurin da zan koma, shugaban kicin ya ce ba shi da lokaci. Mai kamfani ne ya rubuta, layi uku, bai ambaci gargaɗin ba, bai kuma janye shi daga fayil ɗina ba. Yaron da ya soya hantar shi aka ɗora a teburin share fage, na kuma bar masa littafin da nake rubuta odar kowane gida da abin da ba sa ci.