Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Riga Ba Ta Kai Mara Lafiya Asibiti

A makon jiya na yi alkawarin ci gaba da labarin komawata Kaduna da aiki, amma ba zan wuce ba sai na warware maganar Fijo, domin har yau akwai waɗanda suke ba 'ya'yansu labari a danginmu cewa rowa ce ta sa na je ɗaurin auren Auta da tsohuwar riga. A shekarar 1985 abin da na tara bai isa in sayi mota kuma in yi ɗinkin biki irin wanda gidan Baffa suke so ba, sai na zaɓi mota, kuma da za a mayar da ni wannan shekara motar zan sake zaɓa.

Wanda ya san gidanmu ya san cewa zaure ɗaya muke shiga amma hali biyu ne a ciki. Malam, mahaifina, ma'aikacin reluwe ne, rigunansa na fita ba su da yawa, kuma har ya koma ga Allah keke ne abin hawansa. Baffa kuwa ɗan Kantin Kwari ne, ba ya maimaita riga a Juma'a biyu a jere. Yana da riga aska takwas da aka yi wa aikin hannu a Zariya, yana da rawani ɗan Kura wanda shuninsa yake kama goshi, kuma da shaddar gezna ta shigo daga ƙasar Ostiriya yana cikin waɗanda suka fara sa ta a unguwarmu. Tun ina yaro nake jin Malam yana cewa riga ba ta kai mara lafiya asibiti. Sai da na girma Goggo ta gaya mini asalin maganar, cewa a daren da naƙudar Auta ta tsananta wa Inna an rasa mota a duk layinmu, sai da aka je can bakin kasuwa aka tashi wani direban akori-kura daga barci, alhali a ɗakin Baffa akwai rigunan da kuɗinsu ya isa sayen mota.

Ba zan zalunci Baffa ba, Allah ya jiƙansa, domin shi ma yana da hujjarsa. Yakan ce sutura ita ce mutunci, kuma a Kwari ba a ba mai yagaggen wuyan riga kaya bashi, saboda haka babbar rigarsa wani ɓangare ne na jarinsa. Yakan kawo hadisin da Muslim ya ruwaito, inda wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mutumin da yake son tufarsa da takalminsa su yi kyau, aka amsa masa cewa Allah mai kyau ne kuma yana son kyau. Malam sai ya mayar masa da ruwayar Ibn Hibban, wadda ta lissafa abubuwa huɗu na jin daɗin duniya: mace ta gari, da gida mai yalwa, da maƙwabci na gari, da abin hawa mai daɗi, sannan ya tambaye shi ko ya ji an ambaci riga a ciki. Sun shekara da shekaru suna wannan ja-in-ja bayan sallar isha'i, babu wanda ya sauka daga kan ra'ayinsa.

Motar da na saya Fijo 504 ce, na hannu, daga wani babban ma'aikaci da zai yi ritaya. A lokacin a Kaduna ake haɗa irinta tun 1975, don haka kayan gyaranta suna nan a Panteka da Ƙofar Ruwa, kuma duk bakaniken da ke ƙarƙashin bishiya ya san cikinta. Da ita na shigo Kano ana gobe ɗaurin aure. Da safe, ina shirin fita zaure, sai ga yaro da riga a ninke, wai Baffa ya ce in canza kafin manyan baƙi su iso. Tsohuwar rigarsa ce, har da tabon goro a ƙirji. Na mayar masa da ita cikin ladabi, shi kuma da aka taru sai ya nuna ni ya ce ga mai mota babu riga, aka yi dariya. Wannan dariya ce ban manta ba. Abin da masu ba da labarin suke tsallakewa shi ne, da dare ya yi a cikin wannan motar aka kai amarya ɗakinta, kuma matar Baffa ce a gidan gaba.

Shekara guda bayan haka gwamnatin Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki, a watan Satumba na 1986 aka karya darajar naira har dala ɗaya ta kai naira 4. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, aka koma sayen Beljiyam da ake shigowa da su ta Kwatano, tsohuwar Fijona kuwa sai ga dillalai suna taya ta sama da yadda na saye ta. Shadda ma ta tashi, Baffa ya ci riba a kan wadda take shago, amma wadda take akwatinsa ko kwabo ba ta ƙara ba. A nan ne bambancin yake, kuma shi ne na kasa fahimtar da 'yan'uwana har yau. Yadi dukiya ne matuƙar almakashin tela bai taɓa shi ba. Da zarar an yanka shi a kan tsawon mutum ɗaya da faɗin kafaɗarsa, an kuma zuba masa aikin da ya dace da yayin wannan shekara, to mai sayensa na biyu ɗan gwanjo ne. Mota tana da takardu, tana da dillalai da kasuwarta, ana jinginar da ita, kuma idan ta yi tsanani ana neman abinci da ita. A shekarun 1990, da albashi ya daina kai mu tsakiyar wata, da ita na riƙa yin kabu-kabu tsakanin Kaduna da Zariya bayan an tashi daga ofis, da haka yarana suka zauna a makaranta. Ban ji Baffa ya taɓa ba da aska takwas haya ba.

Mata sun fi mu gane wannan lissafi, ko da yake su ake zagi da almubazzaranci a duk lokacin da aka zo maganar lefe. Uwargidana ba ta taɓa ɗinka duk atamfofinta ba. Turamen Holan tana ajiye su a ƙasan akwati yadda aka kawo su, tare da ɗan abin da take da shi na zinare, kuma lokacin da injin Fijo ya buga, turmi biyu ta ba dillaliya aka sayar muka gyara. Namiji kuwa ranar da ya sayi shadda ranar yake kai ta wurin tela.

Kwanan baya ɗan Baffa na biyu ya zo gaishe ni, ya ga Corolla ɗina a rufe da tamfol, sai ya ce, Yaya, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ai motar taku ta zama kayan ado. Na san mota tana cin kuɗi, tun daga mai da taya da baƙin mai har sabunta takardu, ba sai wani ya gaya mini ba, kuma ba ina kare samarin da suke cin bashi su sayi Marsandi alhali suna gidan haya ba ne. Amma da ya tambayi dillalai nawa ake sayar da irin wannan Corolla kafin naira ta sake faɗuwa a wannan shekarar da kuma nawa take yanzu, sannan ya tambayi nawa za a taya geznar da ya sa a Sallar bara, da bai yi wannan magana ba. Na ce masa kawai abin da Malam yake cewa. Bai yi wata guda ba ya bugo mini waya da tsakar dare, ɗansa ba ya numfashi sosai, in taimaka masa da mota. Na aika yarona ya kai su, kuma har yau ban tuna masa maganar kayan ado ba, sai yanzu da nake rubuta ta.

Ni ne aka sa na rubuta kaya a rabon gadon Baffa, saboda an ce ni ne ɗan boko. Shago da kayan da ke cikinsa an yi musu kuɗi mai kauri. Da aka zo kan akwatunan riguna sai aka tarar asu ya ci wasu, wasu kuma ninki ya karya su, 'ya'yansa ma babu wanda ya so ya ɗauka domin su kaftani mai aikin kwamfuta suke sawa. Dillalin da aka kira ya faɗi farashin da ya sa Goggo ta fashe da kuka, a ƙarshe aka yarda a yi sadaka da mafi yawansu don ladan ya kai gare shi. Rigar nan mai tabon goro tana ciki, na gane ta, na rubuta ta a jerin na sadaka kamar sauran.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan komawata Kaduna da yadda aka yi da gidan gwamnatin da aka hana ni.