Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hanyar Masunta

Makon jiya na tsaya inda muka shiga Kwatano ni da maigidana, bayan mun baro Maraɗi ta Dosso, mun haye gadar Gaya zuwa Malanbil, mun gangara ta Paraku. Aparanti nake a lokacin, wato yaron mota, shekarata 19. Shinkafar da muka je ɗauka ba ta fito ba, muka share kwana tara muna shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota.

A Zango akwai wani dattijo mai shayi, mutumin Tibiri, wanda ya fi shekara talatin a can. Ran na huɗu ya ga na yi tagumi, ya ce, "Yaro, ruwan da ka sani Gulbi ne da tabkin Madarunfa. Kada ka koma wa innarka da labarin kwalta kaɗai."

Na ce, "To Baba, ina zan nufa? Jikka biyu gare ni."

Ya ce in bar babbar hanyar Lome, in bi wadda suke kira hanyar masunta. Tana tashi daga unguwar Fijirose, ta bi gaɓar teku kamar kilomita 40 har Wida. Ya ja mini kunne a kan abu guda: kada ruwan ya wuce mini idon sawu, don tekun nan yana janye mutum ko da gwanin iyo ne.

Maigida ya ba ni izini. Bayan asuba mai zemijan, wato kabu-kabunsu, ya sauke ni ƙauyen Ablekete, sauran na ƙarasa da ƙafa. Lokacin hanyar duk rairayi ce. Hagu teku, dama itatuwan kwakwa da bukkoki, bayansu kuma wani ruwa kwance cike da itatuwa masu tsayuwa bisa saiwoyinsu. Na tarar da mutane sun fi arba'in, maza da mata da yara, suna jan igiyar taru guda da waƙa. Wani ya matsa ya ba ni wuri, na kama. Tafin hannuna ya yi kwana uku yana zafi, amma har yau ina jin amshin waƙar nan, ko da yake ban san kalma ɗaya ta harshensu ba.

Da azahar na iso ƙofar da aka gina a 1995 don tunawa da bayin da aka loda a jirage daga nan. Daga garin Wida zuwa wurin kusan kilomita 4 ne, da ƙafa ake koro su. Sai daga baya na san akwai Hausawa cikin waɗanda aka kai Bahiya ta Birazil. Na yi musu addu'a a lokacin da na sani, kuma ina yi har yanzu.

Masu yawon buɗe ido a nan suke ɗaukar hoto su koma mota. Ni hayaƙi na hango can bayan ruwa, na bi shi ta wata 'yar hanya mai taɓo, sai ga ni a Jegbaji, ƙauyen masu gishiri. Da rani, in ruwa ya ja baya, mata ke kankare saman ƙasa su tara ta tsibi-tsibi. Su zuba ta cikin manyan kwanduna, su kwarara ruwa, ruwan gishirin ya tsiyaye zuwa tukunya. Daga nan sai bukka, inda ake dafa shi bisa murhun laka har ya ƙafe ya bar gishiri fari tas. Zafin cikin bukkar ya fi na kan injin mota a watan Afrilu, ga hayaƙi mai sa hawaye, amma wata tsohuwa tana ciki tana juyawa, jika goye a bayanta.

Na tsaya jikina ya yi sanyi. Kakata mutuniyar ƙasar Gaya ce, kuma haka take ba mu labarin gishirin Foga, wani kwari da ke can ƙasarsu: kankarar ƙasa, tacewa, dafawa. A kasuwar Maraɗi na saba ganin kantun Bilma da gishirin Foga a shimfiɗe, ban taɓa tambayar wahalar da ke bayansu ba. Sai da na yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 na ga aikin kakata da idona, a hannun matar da ba ma jin maganar juna.

Na gaishe ta da ɗan Faransancina, na miƙa dala ashirin. Ta cika mini leda, ta ƙara danƙi biyu gyara, ta nuna bakinta alamar in ɗanɗana.

Motar haya na hau daga Wida, na iso Zango bayan isha'i. Maigida ya dubi ledar ya ce, "Kai yaro, duk yinin nan gishiri ka je saye?" Dattijo mai shayi ya lasa, ya ce in ɓoye shi da kyau, na Inna ne.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗa muku yadda shinkafar ta fito, da abin da ya same mu da dare tsakanin Paraku da Kandi.