Rubu'in ƙwaya ɗaya da na ba Laraba

Laraba ta shigo gidanmu a unguwar Aboabo cikin Kumasi a shekarar 2007, shekarar da aka canza kuɗin Gana aka cire wa sidi sifiri huɗu. Inna ce ta tsinto ta a bayan wani shago kan hanyarta ta dawowa daga kasuwar Asawase, tana 'yar mitsitsiya ko idanunta ba su gama buɗewa ba, kuma da yake ranar Laraba ce sai sunan ya bi ta. Da Allah Ya karɓi ran Inna a 2019, ba wanda ya ce mini in ɗauki kyanwar. Ita ce da kanta ta dawo ƙofar ɗakina ta kwanta, ni kuwa na karɓe ta a matsayin amanar da uwata ta bari.

A 2022, tana da shekara 15, na lura ta soma bin butoci a wurin alwala tana lasar ruwan da ya zuba, ga yawan fitsari, ga ƙashin bayanta ya fara fitowa. Likitan dabbobin da na kai ta wurinsa ya ɗibi jininta, sakamako ya nuna sinadarin kiriyatinin, dattin da ke taruwa a jini idan ƙoda ta gaza tace shi, ya kai 3.1, wato ciwon ƙoda mataki na uku daga cikin matakai huɗu. Ya yi mini bayanin cewa ƙodar kyanwa ba ta nuna gazawa sai kusan kashi biyu bisa uku na aikinta ya tafi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa ragowar. Ya kuma gano tana da hawan jini, wanda yakan biyo ciwon ƙoda har ya makantar da kyanwa idan aka ƙyale shi.

Lallaɓawar ta yi tafiya yadda ake so fiye da shekara guda. Na raba ta da amane da kobi, kifayen da Inna ta saba mata da su, saboda gishiri da kuma sinadarin fosforos da ke cikin ƙayar ƙananan kifi, wanda ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa. Abincinta na musamman daga Akra ake sako mini shi a mota, kuma duk wanda ya zauna a ƙasar nan a ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, ya san abin da sayen kayan waje yake nufi ga malamin makaranta. Na koyi yi mata ƙarin ruwa a gida, mililita 100 duk bayan kwana biyu: in jiƙa ledar ƙarin ruwan a ruwan ɗumi, in rataye ta a ƙusar da ke jikin ƙofa, in ɗaga fatar da ke tsakanin kafaɗunta in soka allura. Ruwan yakan taru kamar ƙwan kaza a ƙarƙashin fata, ya gangara zuwa hammata, kafin dare jiki ya shanye shi.

Sai maganin hawan jinin, kuma a nan ne kuskurena ya samo asali ba tare da na sani ba. Amlodifin aka rubuta mata, irin wanda Inna take sha kafin rasuwarta, a kemis ɗin mutane nake sayen shi. Ƙwaya mai miligiram 5 nake ɗorawa a kan ƙaramin faranti in raba ta gida takwas da reza, in ba ta ɓari ɗaya kowace safiya. Na yi wata goma sha takwas ina wannan aikin, har zuciyata ta zauna a kan cewa maganin mutum maganin kyanwa ne muddin an rage yawansa. Ba wanda ya faɗa mini haka. Ni na kitsa wa kaina, kuma ban taɓa furta shi a gaban likita ba balle ya gyara mini.

A watan Janairun 2024, cikin sanyin hunturu, wani daren Juma'a na ga ta yi yunƙurin hawa bencin da take kwana a kai sau biyu ta kasa, ta koma tana jan ƙafar baya. Ciwon gaɓoɓi ne irin na tsufa, kuma tausayinta ya kama ni. Lambar likitan tana cikin wayata, amma ƙarfe goma ta wuce, sai na ji nauyin in tashi mutum da iyalinsa saboda kyanwa. Na ɗauko farasitamol mai miligiram 500, na sa rezar nan da farantin nan, na yanki rubu'i, har ina ganin na yi taka-tsantsan. Na buɗe bakinta na tura, ta haɗiye ba gardama domin ta saba karɓar magani daga hannuna.

Da na fito sallar asuba na same ta a bakin ƙofa tana haki, yawu yana dalala. Na haska bakinta da fitilar waya, sai na ga dasashinta, wanda na san shi da launin ja-ja mai haske, ya koma ruwan ƙasa kamar an shafa masa koko. Kafin gari ya waye sosai fuskarta da dagin ƙafafunta sun soma kumbura. Na naɗe ta a zane na tari tasi, kuma har muka isa ban danganta abin da ƙwayar ba, ina zaton ƙodar ce ta tashi. Likitan yana ganin bakinta ya ɗago ya ce, "Malam, me ka ba ta jiya?" Da na faɗa masa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Da ka kira ni, ko ƙarfe biyun dare ne, kalma ɗaya zan ce maka: kada."

Hantar mutum tana da hanyar da take narkar da farasitamol ta fitar da shi, hantar kyanwa kuwa kusan ba ta da wannan hanyar, don haka maganin yakan rikiɗe ya zama guba ya ɓata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iskar oksijin. Abin da ya sa dasashin ya sauya launi ke nan, kuma shi ya sa take haki alhali huhunta lafiya lau. Babu wani adadi na wannan magani da yake da aminci ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe lafiyayya, ni kuwa miligiram 125 na ba tsohuwar da nauyinta bai kai kilo uku ba. Akwai makari, asetilsistin, wanda aka dinga ba ta duk bayan awa shida, amma ya fi aiki idan an fara shi da wuri, ni kuwa na yi barci na bar gubar ta kwana a jikinta. Ta rayu, bayan kwana huɗu na dawo da ita gida. Sai dai ƙoda ce ke samar da sinadarin da ke sa jiki ya ƙera sabon jini, tata kuwa ta riga ta gaji, saboda haka jinin da na ɓata mata bai sake cikowa ba. Gwajin da aka yi a Fabrairu ya nuna kiriyatinin ya haura 5, ta shiga mataki na huɗu.

Likitan ya ce ba zai iya rantsewa cewa ƙwayar ce ta jawo faɗuwar ba, tun da ciwon dama gaba yake ci. Na gode masa da wannan adalci, amma ni na ga yadda take ranar Alhamis, na kuma ga yadda ta koma bayan Asabar.

Abin da ya biyo baya ya fi yi mini ciwo idan na tuna, domin makonni bakwai na yi ina ƙoƙarin biyan bashin laifina da jikinta. Ta daina ci, sai na koma ɗura mata abinci da sirinji sau biyar a rana, tana kau da kai ina riƙewa, rabi ya shiga rabi ta amayar. Bakinta ya yi gyambo yana warin fitsari, ta daina lashe jikinta, gashinta ya cukurkuɗe. Kyanwar da take tarye ni a zaure idan na dawo daga makaranta ta koma shigewa ƙarƙashin gado da zarar ta ji takuna. Ina ta jiran ta yi kuka in san tana shan wahala, alhali kyanwa ba ta kuka don ciwo irin wannan, ɓuya take yi ta yi shiru. Tun a tsakiyar Fabrairu likitan ya ambaci allurar hutu, wadda ake yi wa dabba ta mutu ba tare da wahala ba, na ce masa a'a, ina ce wa kaina tsoron Allah ne ya hana ni. Maiɗakina ce ta faɗa mini gaskiya wani dare tana riƙe mini fitila: "Maigida, wannan ɗurar ba don ita kake yi ba. So kake ta warke don ka daina ganin laifinka."

Na kai maganar wurin limamin masallacinmu bayan la'asar, ina jin nauyi, domin akwai masu ganin kashe kuɗi a kan mage almubazzaranci ne a unguwar da marayu suke. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ina tsoron in shiga sahun matar da ta shiga wuta saboda kyanwa." Ya ce, "Ɗana, waccan matar da hadisin Bukhari da Muslim ya ambata tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, har ta mutu. Azabtarwa aka kama ta da ita." Ya bayyana mini cewa malamai sun yi saɓani: akwai waɗanda suka hana a kashe dabbar da ba a cin namanta, a bar ta ga ajalinta, akwai kuma malaman Malikiyya da suka halatta a hutar da dabbar da aka fid da rai da warkewarta idan wahalarta ta tsananta. Bai zaɓar mini ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko akwai sauran abin da take jin daɗinsa a yini, ya ce in je in duba da idon gaskiya kafin in amsa.

Na ɗauki mako guda ina rubutawa a bayan littafin darasi: ta ci da kanta ko a'a, ta fito hantsi ko a'a, ta yarda a taɓa ta ko a'a. A kwana bakwai sau ɗaya ta fito rana, sauran duk a'a ne. Da na fara wannan rubutun tun Fabrairu da na rage mata wata guda na sirinji, kuma duk mai jinyar tsohuwar dabba ina roƙonsa ya fara shi da wuri, tun zuciya ba ta soma yi masa gardama ba. Haka nan ya tambayi likita sunayen magungunan gida da ba a ba kyanwa, ya rubuta ya manna a inda yake ajiye su, kuma kada kunyar dare ta hana shi buga waya.

A makon farko na azumi, cikin watan Maris, likitan ya zo gida don kada a wahalar da ita a mota. Daren da ya gabata ban ɗura mata komai ba, na gasa mata amane ɗin da na hana ta kusan shekara biyu, ta lashi gefensa sau uku ta bari. Na shimfiɗa zanen Inna a kan bencin na ɗora ta. Ya fara yi mata allurar barci, cikin 'yan mintuna jikinta ya saki a hannuna, rabon da in ji ta sake haka tun kafin daren Juma'ar nan. Sannan ya yi ta biyu a jijiyar ƙafar gaba, kuma bai fi minti biyu ba ya sa abin sauraro a ƙirjinta ya ce ta tafi. Ya riga ya gargaɗe ni cewa idanunta ba za su rufe ba kuma tana iya jan dogon numfashi ɗaya bayan zuciya ta tsaya. Duka biyun sun faru, kuma da bai faɗa ba da na ɗauka da sauran ranta.

Ya ce a zurfafa ramin, domin maganin yana zama a jikin gawa, kare ko ungulu da ya ci zai iya mutuwa. Ni da ƙanena muka haƙa a gindin mangwaron bayan gida har ramin ya kai mini ƙugu, muka sa ta da zanen, muka jera duwatsu a sama. Ragowar ledojin ruwa da abincinta na mayar wa likitan ya ba wani mai jinya irin tawa. Farantin da rezar kuwa suna nan a kan taga inda na bar su tun watan Janairu, maiɗakina ta tambaye ni sau biyu ko ta ɗauke, na ce ta bari tukuna.