Hunturu ya ɗage min daɓen jirgin da na yi wata biyu ina shimfiɗawa

Wata safiya ce cikin Disamban bara, na dawo daga sallar asuba iska na kaɗawa, na haska fitilar waya kan tebur don in leƙa ƙaramin jirgin ruwan katakon da nake haɗawa kamar yadda na saba kullum, sai na ga inuwa a inda bai kamata a ga inuwa ba. Bakin falankai huɗu a gefen hagu sun ɗago sama kamar farce, layukan da na matse su har ba ka iya zura gashi sun buɗe, na ɗauko reza na gwada ta shige ba gardama. Wallahi tsaye na yi riƙe da rezar nan ban san minti nawa ba. Maiɗakina ta shigo da kunu ta ce "Malam lafiya dai?" ban iya ce mata komai ba, nuna mata kawai na yi da yatsa.

Jirgin Hermione ne, jirgin yaƙin Faransa mai filafilai da aka ƙera a Rochefort a 1779, shi ne ya kai La Fayette, hafsan sojan Faransa, Amurka a 1780. Tun 2015 da na ga a tele sabon da suka sake ƙerawa da itacen oak ya tashi zai ƙetare teku abin ya shiga raina, mu da ko kogi ba mu da shi a Damagaram. Ƙanena da ke karatu a Faransa ne ya saya min maket ɗin, wato ƙaramin samfurinsa na katako da mutum ke haɗawa da kansa, ma'aunin 1/89, ya ba wani mai zuwa Yamai, daga can aka sako min shi a bas ya yi kilomita wajen 900 kafin ya iso hannuna. Na faɗi wannan ne don ku gane cewa duk sirin katako ɗaya da ke cikin kwalin nan ba shi da madadi, ko ka zagaye kasuwar Dole sau goma ba za ka samu irinsa ba.

Gangar jikin ba ta ba ni wahala ba, mu bar ta. Daɓen ne, abin da Faransawa ke ce ma pon, shi na fi zuba ma rai saboda shi ido ke fara sauka a kai. Katakon siriri ne ƙwarai, kaurinsa wajen rabin milimeta, faɗinsa milimeta 5. Ban yarda in shimfiɗa shi dogo ɗaya daga gaba zuwa baya ba don da wuya a samu bishiyar da za ta ba da falanki mai mita 40, sai na yanka guntu-guntu santimeta 6,7 kowane, wato mita 6 ke nan a jirgin gaske. Na ja layi a tsakiya na fara daga nan ina fita gefe da gefe, ina gocar da mahaɗa ta yadda sai an tsallake falanki uku kafin mahaɗa ta sake faɗowa kan gungume ɗaya, kamar dai yadda magini ke gocar da bulo. Kowane guntu sai na goga bakin fensir mai laushi a gefensa ɗaya don ya ba da baƙin layin nan, a jirgin gaske tsohuwar igiya ake warwarewa a cusa tsakanin falankai a bi da kwalta mai zafi don kar ruwa ya bi. Agusta da Satumba kaf, bayan isha'i, in da wuta da wuta in babu da fitilar caji. Da na gama har hoto na ɗauka na tura ma ƙanen nawa ya ce yaya wannan ai ya fi na jikin kwalin kyau.

To ga inda na kashe kaina. Na kalli wani bidiyo a YouTube, wani bature yana sirka farin gam na kafintoci da ruwa yana shafe fili babba da buroshi sannan ya jera falankai biyar shida lokaci ɗaya, na ga abin ya yi sauri, nima na yi haka. Ban tsaya na yi tunanin cewa mutumin nan ɗakinsa kusan yanayi ɗaya yake shekara duka ba. Ni kuwa a tsakiyar damina nake, watan da gishiri ke jiƙewa a cikin gwangwani, katakon ya riga ya sha raɓar iska ya kumbura, na zo na ƙara masa ruwan gam ya ƙara kumbura, a haka na matse su na danne suka kame. Sannan na ƙara da wani gangancin, na ce man barnin da ake shafe katako da shi sai na gama igwogi tukuna in shafe komai gaba ɗaya. Daɓen ya zauna tsirara wata uku har hunturu ya sauko, iskar nan da ke fasa leɓe da dunduniya ta tsotse ruwan da ke cikinsa tas.

Kuma fa abin da ke min ciwo har yanzu, na san wannan. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ƙofar katako tana cijewa da damina sai ka sa kafaɗa, da hunturu kuma tana lilo iska na shigowa ta gefe. Ƙofar ɗakin da nake aikin ma haka take yi. Amma da na zauna gaban ƙaramin abu sai na manta cewa shi ma itace ne.

Na naɗe jirgin a zane na ɗora kan moto na kai wa wani tsohon kafinta a Zango, abokin mahaifina ne tun suna samari. Ya sa tabarau ya juya shi ya juya, ya daɗe bai yi magana ba, can ya ce "Ɗana, yaushe ka liƙa wannan?" Na ce Baba da damina. Ya ce "Ka sa wa gam ɗin ruwa ko?" Ban ma gaya masa ba. Shi ya nuna min cewa in duba da kyau, tsawon falankan bai ragu ba, mahaɗun kai da kai suna nan a matse, a faɗi ne kawai suka tsuke, domin itace a kwance yake motsi ba ya bin tsawon jijiyarsa. Kuma ya danna tsakanin haƙarƙarin jirgin ya nuna min kwantirfilaken da ke ƙasa shi ma ya yi tudu da kwari, ruwan ya ratsa har can, kuma ƙasansa ban shafa masa komai ba. Na dawo gida na yi lissafi, tazarar milimeta 0,2 in ka ninka sau 89 kusan santimeta 2 ke nan, a jirgin gaske rami ne da yatsa zai shiga tsakanin kowane falanki. Ba yadda za a yi in bar shi haka.

Ɓamɓarewar ta fi shimfiɗawar cin rai. Alkol na farmasi nake ɗigawa da auduga a kan guntu ɗaya, in jira gam ɗin ya yi laushi, in zura reza a hankali ta ƙasa. Wasu su fito lafiya, wasu su tsage a hannuna, duk wanda ya tsage sai in ji kamar an tsinke min wani abu. Kwana 9 na yi. Da na ƙirga, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, ragowar da ke cikin kwali kuma ba ta kai ta cike ba. Baba ne ya cece ni, ya samo wani guntun kwantirfilake na okume, itacen Gabon ɗin nan, ya ɓare min fatar saman, na zauna da rula ta ƙarfe ina yanka milimeta 5 milimeta 5 ina rage kauri da sanfefa. Sai dai okume jaja-jaja ne, nawa na asali kuwa fari ne, daɓen jirgin yaƙi fari-fari yake zama don matuƙa na gurza shi da dutse da yashi. Na tara jajayen a tsakiya inda ƙananan kwale-kwale za su zauna su rufe, amma akwai guda bakwai da suka leƙo waje kusa da babban tirken tsakiya. Baƙi ba sa lura. Ni kuwa da na shigo ɗakin su nake fara gani.

A Janairu na sake, wannan karon yadda Baba ya ce. Na baza katakon a kan tebur sati biyu ya saba da iskar ɗakin, na shafe kwantirfilaken da barni sama da inda hannuna ya kai ta ƙasa, na ɗan gurza saman don gam ya samu abin kamawa. Gam kuwa ko ɗigon ruwa ban sa masa ba, da tsinken sakace nake ɗiba in ja siririn layi a bayan guntu ɗaya, ɗaya tak, in ɗora in danna da yatsa in ɗora tsohon batir a kai. Da hunturu ma dole ka yi haka don gam ɗin kafin ka juya ya yi fata. Na tambaye shi to Baba in na liƙa a bushe damina ta zo ya kumbura fa, ya ce kar in matse su da ƙarfi, in bar su su taɓa juna kawai, kuma ranar da na gama ranar zan rufe shi da barni. Haka na yi, shafi uku marar ƙyalli, kowanne siriri.

Abu biyu da zan ƙara ga wanda zai gwada. Kar ka sa sanfefa a kan daɓen da ka yi wa fensir, garin baƙin yana shiga jijiyar katakon ya mayar da shi toka-toka, na farkon nawa ya ɗan yi haka ban gane dalili ba sai daga baya. Kankare shi za ka yi da gefen reza a tsaye kana bin tsawon itacen, ya fito sumul kuma layukan su zauna tsaf. Kuma in ka shafa barni da hunturu kifa masa kwali nan take, ƙurar nan ko ka rufe taga tana samun hanya, shafina na farko sai da na sake kankare shi saboda na bar shi a buɗe na fita sallar la'asar.

Damina ta zo ta wuce a kansa, duk watan Agusta ina zuwa ina shafa shi da yatsa ina jiran in ji tudu, ban ji ba, Alhamdulillahi. Yanzu ga hunturu ya fara kaɗawa kuma rezar tana nan gefen tebur, kowace asuba sai na gwada ta a layi biyu uku, har yau ba ta shiga ba. Igwogi 26 na babban daɓe suna cikin gwangwanin madara suna jira tun bara, na ce ba zan liƙa ko ɗaya ba sai Janairu ya fita.